Wadda Ke Bayana a Hanyar Keana

A shekarar da hawan jini ya kwantar da maigidana, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, mashin ɗinsa ya yi wata huɗu a zaure an rufe shi da buhu. Ƙaramin mashin ne, irin wanda muke ce wa roba-roba. Da shi yake zuwa Keana ya saro gishiri, ni kuma in zauna a kasuwa ina aunawa. Da ya kwanta, gishiri ya tsaya. Yara huɗu kuwa ba su fasa jin yunwa ba.

Maƙwabciyata a unguwar Bukan Sidi, cikin Lafia, ce ta ce in hau. 'Yar Tiv ce, ta girme ni da shekara biyar ko shida, Yaya nake ce mata. A ajin yaƙi da jahilci na coci muka shaƙu, benci ɗaya muke zama, ta fi ni lissafi, na fi ta rubutu. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta.

"Kai ƙanwa," ta ce, "ƙarfe yana cin tsatsa a zaure, yara suna shan gari babu suga. Tashi mu je fili."

Sati uku tana koya mini a filin firamare, da yamma in yara sun watse. Na faɗi sau biyu, salansa ya ƙone ni a sha-raɓa, tabon yana nan har yau. Ba ta taɓa yi mini tsawa ba. In na faɗi sai ta ɗaga mashin, ta kakkaɓe mini zane, ta ce a sake.

Akwai ayarin mata da ke zuwa Keana kowace Asabar, su shida har da Yaya, ni na zama ta bakwai. Ba a tafiya ɗaya-ɗaya a hanyar nan, don in taya ya fashe ko wani abu ya faru, mace ba za ta so ta tsinci kanta ita kaɗai a daji ba. Shugabarmu dattijuwa ce 'yar ƙabilar Alago, mahaifiyarta ta tsufa tana dafa gishiri a Keana. Daren jajibirin tafiyar ba ta ce mini komai ba, sai da safe, muna tsaye a bakin titi, ta kama madubina ta juya shi daidai fuskata.

"'Yata, doka ɗaya ce a nan. Ta gabanki ba taki ba ce. Taki ita ce ta bayanki. Kowa fitilarta a kunne. In kin duba madubi ba ki ga fitilar ta bayanki ba, ki tsaya. Ta gabanki za ta ga kin ɓace, ita ma ta tsaya. Haka har ya iso kaina. Kin ji?"

"Na ji, Mama."

A al'adarsu sabuwa bayan Shugaba take bi, a tsakiyar ƙwararru. Yaya ce ta roƙa a sa ni ta shida, ita ta bi ni a ƙarshe, don ta riƙa ganin yadda nake tuƙi kuma kada wata ta matsa mini daga baya. Shugaba ta dube ta.

"Ke nan sabuwa ce za ta riƙe ki?"

"Ni na koya masa," in ji Yaya. "Zai riƙe."

Haka aka ba ni ita. Duk faɗin hanyar nan, babu idon da ke kanta sai nawa.

Watan Janairu ne, gari bai gama wayewa ba. Na san sanyi a tsakar gida, ban san sanyin kan mashin ba. Wannan yana shiga ta wuya da hannun riga ya nemi ƙashi. Na sa suwaitar maigida a kan tawa, na ɗaure kunne da kallabi biyu. Safar hannu ba ni da ita, sai na zura safar makarantar ɗana a hannuwana. Tun ba mu bar Lafia ba hawaye ke zubo mini ba kuka nake ba, haɓata tana kaɗawa.

Na tsayar da su tun kafin mu fita gari. Na shiga rami, na firgita, mashin ya mutu. Doka ta yi aikinta, ɗaya bayan ɗaya duk suka tsaya. Na ji daɗin ganin haka, gaskiya. Na sake tsayar da su daf da garin Obi, don yatsuna sun sandare, ba na jin abin da na riƙe. Na durƙusa ina ɗumama su a jikin inji.

Wadda ke gabana wata matashiya ce mai sayar da manja, mai baki, Mai Manja muke kiranta. Ta cire hular kwanonta ta dube ni.

"Madam Birki! Mama Shugaba, in haka za mu je, kafin mu isa gishirin ya koma ruwa. Anti, ko in goya ki ne?"

Suka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, su ma sanyi suke ji. Amma ni ta shige ni.

"Kai, rufe baki," Yaya ta ce mata. "Ranar farko naka, ba a cikin rogon mutane muka ciro ka ba?"

Aka sake fashewa da dariya. Yaya ta tuɓe safar hannunta, mai kauri, ta fata, ta miƙo mini. Ta karɓi safar ɗana ta zura. Na ce a'a, ta ce hannunta ya saba.

"Oya mu je. Ƙanwa, duba madubi."

Bayan Obi akwai inda hanya ke gangarawa cikin fadama. Sanyin wurin daban ne, wani farin tururi ya kwanta a kan ciyawa har bisa kwalta. Raɓa ta lulluɓe madubina. Ina ganin Mai Manja tana sakin hannun hagu ta shafe nata, kamar mai korar ƙuda. Ni ban iya ba. A filin firamare ban taɓa sakin hannu ɗaya ba, babu kuma wanda ya tuna cewa madubi yana jiƙewa. Na gwada ɗaga yatsu, mashin ya yi rawa, na mai da su da sauri.

Ba na ganin Yaya, amma ina ganin wani haske rawaya dishi-dishi a cikin ruwan madubin. Na ce ga ta nan. Muka yi ta tafiya, ina satar kallo, hasken yana nan. Sai ya fara girma. Ya matso, ya yi hon, ya wuce ni ta hagu. Ɗan acaba ne da buhun doya a bayansa.

Na duba madubi. Fari fat, babu komai.

Wannan wurin ne nake so in rubuta daidai, don na daɗe ina gyara shi a zuciyata. Na gani. Na san babu fitila a bayana, kuma na san dokar, bai kai awa biyu da aka faɗa mini ba. Sai na ce wa kaina wataƙila ta tsaya fitsari ne. Na ce Yaya ce fa, shekararta goma a hanyar nan, yanzu za ta kamo mu. Na tuna Madam Birki. Na ga in na tsaya karo na uku, ta iso tana dariya, ina zan sa fuskata? Akwai kuma tsoro, kada in tsaya mashin ya ƙi tashi, su wuce su bar ni a cikin farin tururin nan. Duk wannan ya bi ta kaina, hannuna kuwa bai bar murɗa wuta ba.

Ban tsaya ba. Shugaba ce ta tsaya, a wani ƙauye inda suka saba shan koko. Ta sauko tana ƙirga mu da yatsa.

"Shida. 'Yata, ina taki?"

"Yanzun nan na gan ta, Mama."

Ni na faɗi haka. Bakina ne ya riga ni, amma ni ce. Saboda maganar nan suka zauna, aka zuba koko, aka sayi ƙosai, ana jiran ta ɓullo. Na riƙe kofin ban sha ba. Can Shugaba ta tashi ta je wajen mashin ɗina. Ta ja yatsa ɗaya a kan madubin, ruwa ya gangaro. Ta dubi yatsan, ta dube ni. Ta ajiye kofinta ta tayar da mashin, muka juya.

Mun yi tafiya mai nisa, fiye da yadda na zata. Mai Manja ce ta hango inda ciyawa ta kwanta a gefen wata kwalbati. Daga kan titi ba a ganin komai, shi ya sa masu wucewa ba su tsaya ba. Yaya tana ƙasa cikin kwari, mashin ya danne mata ƙafar dama, salansa yana kan naman. Idonta biyu. Ta yi ihu har muryarta ta ƙare, bakinta kawai ke motsi. Safar ɗana tana hannunta, ta jiƙe da laka.

Wani makiyayi da ke kora shanunsa ya sauko ya taya mu ɗaga mashin. Abin da na gani a ƙarƙashi ba zan rubuta shi ba. Shugaba ta kwance zanenta na sama ta ɗaure cinyar tam. Jikin Yaya sai ɓari yake, na tuɓe suwaitar maigida na rufa mata. Ta dube ni, ta kau da kai. Wata motar doya ce ta yarda ta kai mu Lafia, ni na riƙe kanta a cinyata har muka isa.

A kwana na huɗu aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Wata nas da ke wanke mata ciwo ta ce karayar kaɗai da an gyara, ƙunar ce ta ci har ƙashi. "Da an ɗaga ƙarfen da wuri," ta ce, sai ta ga fuskata, ba ta ƙarasa ba.

Kullum ina kai abinci asibiti. In na dafa wa maigida, in ɗebi nata. Na wanke mata kaya, na yi wa 'yarta kitso. Shugaba ba ta gaya wa kowa abin da ta gani a madubina ba, ni ma ban faɗa ba. Mutanen coci suna ta yabona, wai maƙwabciya ta gari. Duk wanda ya faɗa, sai in ji kamar in nutse.

Sai da ta yi wata biyu a gida na iya gaya mata. Na same ta a kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana ɓarar agushi, sandunanta a jingine da bango. Na zauna na ɗebi nawa ina taya ta. Ba tare da na ɗaga kai ba na gaya mata duka, raɓar, ɗan acaban, da ƙaryar da na yi a wurin koko.

Hannunta bai tsaya ba.

"Na sani," ta ce. "Akuya ne ya shigo. Na kama birki, safan yaronka ya zame a hannu. Ina ƙasa ina jin ƙaran mashin naka. Na san muryansa, ni na koya maka a kansa. Yana tafiya, yana tafiya. Na ce yanzu zai tsaya. Na ce yanzu."

Na ce, "Yaya, ki yafe mini."

Ta hure ɓawon da ke tafin hannunta. Ta daɗe tana kallon wata kaza da ke tono a bakin rijiya.

"Maƙwabciya, miƙo mini faranti."

Na miƙa mata. Muka gama ɓarar, na share wurin, na koma gida.

Shekara uku ke nan. Muna gaisawa kowace safiya, yaranmu suna cin abinci a kwano ɗaya. Duk Asabar nakan sauke mata buhun gishiri a ƙofar gida, ta zauna a kujera tana aunawa mutanen unguwa. Tana karɓa, tana cewa sannu da hanya. Ƙanwa kuwa, ba ta sake kirana da shi ba, ko da mantuwa.

Ban daina hawa ba, babu halin dainawa. Yanzu ina iya sakin hannu in shafe madubi, har tsumma nake ɗaurawa a wuyan hannu in sanyi ya shigo. Asabar ta farko da na koma, na tsaya a bakin titi ina jiran Shugaba ta kore ni. Ba ta kore ni ba. Ta jera su ɗaya bayan ɗaya, ta sa Mai Manja a gabana, ta nuna mini ƙarshen layi. A nan nake har yau. Sababbi biyu sun shigo bayan haka, duk a tsakiya aka sa su, ba ta sake ba ni kowa ba.