Numfashin Ƙararrawar Fatake

Mahaifina maƙeri ne a Illela. Yana ƙera garma da lauje don a ci tuwo, amma aikin da yake alfahari da shi ƙararrawar jakin gaba ce, wadda fatake ke ratayawa idan ayari zai tashi. A lokacin nan, Nasara ba su daɗe da kafa duwatsun iyaka tsakaninmu da Ƙwanni ba, Ingilishi a nan, Faranshi a can. Jakuna dai ba wanda ya yi musu bayani, suka ci gaba da wucewa yadda suka saba.

Ƙararrawar biyu-biyu ake ƙera ta, kuma da gangan ba a daidaita muryoyinsu sarai. Ana barin ɗan saɓani kaɗan. In suka kaɗa tare sai ka ji amon yana kumbura yana sacewa, wau, wau, wau. Wannan muke kira numfashi. In saɓanin ƙanƙane ne numfashin ya yi jinkiri kamar na mai barci, in ya ƙaru ya yi sauri kamar na wanda kare ya biyo. Kowane madugu da nasa, don haka tun ayari yana bayan gari matan gida sun san ko nasu ne.

Ni da na ɗanɗani boko a Sakkwato kafin malamai su yanke shawarar cewa ƙira ta fi dacewa da ni, ina da bayani, kuma a saurara, don ba kullum nake bayar da shi kyauta ba. Je ka bakin tafkin Kalmalo ka jefa tsakuwa biyu. Inda tudun wannan igiyar ruwa ya hau tudun waccan, ruwan ya yi tsalle. Inda tudu ya faɗa kwarin ɗan'uwansa, ruwan ya kwanta lumui kamar ba a taɓa shi ba. Haka amo yake yi a iska. Jikana mai karatun kimiyya ya ce har haske ma haka ne, wai launin shuɗi da na ruwan zuma da ke bin ƙarfe in ya sha wuta, haske ne ke cin karo da kansa. Na ce masa na sani tun tuni. Ranar na fara ji.

To, shekarar da na yi aure kunnen Baba ya fara tafiya. Ƙarar masaba, gudumar ƙira, ce ta cinye shi a hankali. Ya ɓoye, mu ma muka taya shi ɓoyewa, muna ɗaga murya muna cewa iska ce ta yi yawa. Idonsa garau, yana ganin launin ƙarfe ya san lokacin tsoma shi a ruwa. Numfashin ne ya daina isa gare shi, sai ya koma yi da ƙiyasi.

Ƙiyasin ya ci amanarsa a kan wani madugu daga Tozai. Ya ƙera masa biyu masu numfashi iri ɗaya da na wani madugu maƙwabcinmu, wanda ya tafi fataucin kanwa aka daɗe ba labari. Da hantsi ayarin Tozai ya doso gari, tsohuwar da ta haifi maƙwabcin namu ta ji, ta dama fura, ta fito har bakin hanya ba takalmi. Ta tarar da baƙin fuskoki. Ba ta yi kuka ba, ta miƙa musu furar suka sha, ta koma da ƙwaryarta.

Da labari ya kai wa Baba, ya aika aka karɓo ƙararrawar, ya ajiye masaba a kan uwar maƙera, ya koma gindin itacen bedi ya zauna. Ya ce ni in ci gaba. Ni kuwa kunnena lafiya lau, sai dai duk ƙarfe a wurina ƙarfe ne. Na goga da magagari, na kaɗa, na saurara da fuskar masana, abin da na fitar ko akuya ba za ta yarda a rataya mata ba. Baba yana kallon hannuna daga nesa, abinci ma sai an matsa masa.

Inna ba ta taɓa taka maƙera ba, mata ba sa shiga. Amma danga ɗaya ce tsakanin maƙerar da madafinta, ta yi shekara da shekaru tana jin kowace ƙararrawa tun tana ɗanya. Wata safiya ta kira ni yadda take kirana, don ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana.

"Kai wanga, ɗauko ƙarafan nan na madugun Tozai da magagari ka kawo cikin gida. Ka ce ma tsohonka ina kira."

Ya shigo yana jan ƙafa. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta zauna kusa da shi, abin da ban taɓa gani ba da rana, har na rasa inda zan sa idona. Ya tambaye ta mi take nufi. Ta kai baki saitin kunnensa.

"Malam, kai ka san yadda ya kamata shi yi. Ni ko ina ji. Riƙe magagarinka."

Ta ɗora tafin hannunta a gwiwarsa, ta ce in kaɗa. Duk kumburin amo sai ta matsa, in ya sace ta saki. Baba ya rufe ido. Can ya ce numfashin ya yi jinkiri, wannan na maƙwabci ne. Ya goga bakin ɗaya kaɗan, na sake kaɗawa, hannunta ya ƙara sauri. Ya sake gogawa. Sai da rana ta take, tuwo bai hau wuta ba, amaryata tana leƙe daga ɗaki tana toshe baki.

Daga ƙarshe ya buɗe ido ya ce ya yi, wannan ba na kowa ba ne a garin nan. Inna ta ce ita ma ba ta san shi ba. Ya dube ta ya ce ashe duk shekarun nan leƙen asirin sana'arsa take yi ta danga. Ta ce da ya rage surutu da ta fi haka ƙwarewa, ta tashi ta nufi murhu.

Washegari ya riga ni zuwa maƙera. Da na iso har gawayi ya kama, ya nuna mini zugazugi da haɓa, ya ce in ya gama dukan wannan zan kai wa uwata ta ji.