Gidan da Na Zaɓa Mana a Jarwal

Shekarun baya da dama, tun gwiwoyina ba su fara yi mini gardama ba, muka kwashe kayanmu daga Jidda muka dawo Makka. Ni ban yi boko ba, ina faɗa ne 'yata tana rubutawa, saboda haka in kun ga magana ta karkace, bakina ne, ba hannunta ba.

A Jidda muka yi yawancin rayuwarmu ni da maigidana. Shi tela ne, ni kuma ina tuwo da waina ina kai wa mutanenmu masu aikin gini. Da tire a kaina nake ratsa unguwa uku kafin azahar, ban taɓa zama na ce wash ba. Yadda wasu mata ke taƙama da gwal, haka nake taƙama da ƙafata.

Sai babban ɗana ya sami aikin gyaran na'urorin sanyi a otal-otal na Makka, ya ce ba zai bar mu a baya ba. A lokacin Malam, haka nake kiran maigidana, ya riga ya ajiye keken ɗinki. Ido ya yi rauni, ciwon suga ya fara taɓa ƙafafunsa, in ya yi 'yar tafiya sai ya tsaya ya mai da numfashi. Mu shida ne da surukata da jikoki biyu, mota kuma ɗaya, ita ma da safe take fita da ɗana. Don haka muka ce sai unguwar da mutum zai iya rayuwa da ƙafarsa: masallaci, kanti, makarantar yara, duk a taka a je.

Dillali ya nuna mana gida uku a unguwa uku a rana ɗaya. Na Hindawiyya ba mu daɗe a kansa ba. Surukata ta so shi don kasuwa a bakin ƙofa take, amma ɗakunan duhu, ga ƙarar tasi ba dare ba rana. Ya rage Shisha da Jarwal.

Gidan Shisha a ƙasa yake, ba hawa ko ɗaya. Gefensa mai gasa burodi, gaba kaɗan kantin magani, makarantar yara a bayan layi. Tsallaken titi kuma wani ɗan ƙaramin masallaci ne, da benci a inuwarsa. Muna ciki muna buɗe famfo muna leƙa kicin, Malam bai ma shigo ba. Da muka fito muka tarar da shi a kan bencin nan tsakanin wasu tsofaffi uku, ya cire takalmi ya miƙe ƙafa, suna ta hira da ɗaya daga cikinsu, wani dattijo mutumin Maraɗi, kamar tare suka yi yarinta.

A mota ya ce mini, "Hajiya, kin ga masallacin nan? Daga ƙofa sai ƙofa."

Ni kuwa na tambayi dillali nisan Harami. Ya ce sai da mota. Na ce to ai ban zo Makka ba ke nan. Malam ya ce duk cikin hurumi ne, malamai da yawa sun ce ladan ɗaya ne. Na ce masa shekara da shekaru 'yan'uwa a gida suna zaton kullum a gaban Ka'aba muke salla, muna Jidda muna jin kunyar gyara musu zance, yanzu kuma Allah ya kawo ni Makka in ƙare a masallacin layi irin wanda na baro? Ya yi murmushi, ya juya yana kallon titi.

Gidan Jarwal tsohon gini ne a jikin tudu, hawa na huɗu, babu lif. Malam ya ce ya gaji, zai jira a mota. Ni na haye kamar yarinya. Ina buɗe taga na hango kan hasumiyoyin Harami, sai na ji ƙirjina ya cika.

Ina da yadda nake auna nisa tun ina talla. Ba na yarda a ce mini minti kaza. Carbina nake ja, in taka da kaina, in ga zagaye nawa zan yi. Ana fara kiran la'asar na fita daga ƙofar gidan, surukata na bina tana haki. Na ja istigfari, kafin a ta da salla ina cikin sahu, har na sami yin nafila. Da aka idar, ɗana ya zagayo da mota ya ɗauke mu a bakin titi. Na shiga ina ɗaga carbi, na ce magana ta ƙare, gida ya samu.

Ku lura da abin da na yi. Da ƙafata na auna, ba da ta Malam ba. Lokacin sanyi na auna. Gangara na bi, kuma a mota na dawo. Zuwa kawai na auna.

Surukata ta matso ta ce a hankali, "Inna, matakalar nan fa, ga Baba." Na ce mata yaran yanzu lalaci ya yi musu yawa, hawan bene ai magani ne ga mai suga. Kunya ta hana ta ƙarawa. Ɗana ya waiwaya ya tambayi mahaifinsa ra'ayinsa. Malam ya ce, "Abin da mahaifiyarku ta gani." Haka yake tun aurenmu. Ni na ɗauka yarda ce.

Ranar farko da muka je Harami tare, zuwa lafiya lau. Dawowa ce ta nuna mini aikina. Tudun nan da ban taɓa hawa ba ya miƙe a gabanmu, Malam ya tsaya sau uku kafin ƙofar gida, sannan ga matakala. Bai yi ƙorafi ba, sai ma ya mai da abin wasa. Ya raɗa wa kowane hawa suna: na ɗaya Mina, na biyu Muzdalifa, na uku Arfa. In ya kai na biyu sai ya zauna a kan matakala ya ce, "Mun iso Muzdalifa, Hajiya. Nan ai kwana ake yi." Jikoki su yi ta dariya, ni ma in yi.

Salla biyar ɗin da yake zuwa Harami ta koma biyu. Zafi ya shigo, ta koma Juma'a kaɗai. Daga nan wani ɗan ciwo ya fito masa a babban yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, likita ya ce ya daina hawa da sauka. In ranar asibiti ta zo, ɗana ke goya shi a baya ya sauko da shi. Malam yakan rufe ido har a kai ƙasa. Daga baya ya ce a riƙa karɓo masa maganin kawai.

Aka ajiye masa kujera a bakin taga. Nan yake salla shi kaɗai, yana jin kiran sallar Harami tangaran. Ni kuwa ban fasa ba, sau biyar nake sauka. In na dawo sai in zauna in ba shi labari, yau an cika, yau na ga mutanen garinmu, yau na kusa taɓa Ka'aba. A zatona ɗebe masa kewa nake yi.

Ɗana ya ce mu tashi tun shekarar farko. Ni na hana. Na ce ƙafar za ta warke. Gaskiyar ita ce na riga na buga waya gida na shaida wa kowa cewa daga tagata nake hango Harami, ban san da bakin da zan ce mun koma bayan gari ba.

Wata Juma'a a shekara ta biyu na dawo na tarar da shi ya sa farar rigarsa, ya shafa turare, ya ɗora hula, yana zaune a kujerar nan. Na tambaye shi ina zuwa. Ya ce ba ko'ina, Juma'a ce dai. Na ce ya yi haƙuri, in ya warke ni da kaina zan kai shi har gaban Ka'aba.

Ya ce, "Ba Ka'aba nake kewa ba, Hajiya. Ga ta nan, na san inda take. Kafaɗar mutum nake kewa a jikin tawa, in an ta da salla."

Na shiga kicin na tsaya a gaban tukunyar da babu komai a cikinta. Da ɗana ya dawo na ce masa ya koma Shisha ya nemo mana gidan nan. Ya je, an daɗe da kama shi. Ya yi ta yawo har ya sami wani a ƙasa, a layin dai, amma masu shi suka ce sai bayan aikin Hajji za a tashi.

Malam bai kai Hajji ba. Da hantsi ya rasu, a watan Zulƙida, yana kan kujerarsa. Matakalar ta yi ƙunci, da ƙyar maza huɗu suka sauko da shi. Ina tsaye a ƙofa ina jin takunsu. Da suka kai hawa na biyu na ji ɗana ya ce a ɗan huta. A nan ƙafata ta ƙi ɗaukata, karo na farko a rayuwata.

A Harami aka yi masa salla, mutane ba iyaka, kafaɗa da kafaɗa. Masu ta'aziyya suka riƙa cewa ya dace, kuma ni ce sila, da na kawo shi kusa. Ina amsawa da amin. Surukata kaɗai ba ta faɗi haka ba. Ruwa take miƙo mini, ba ta kallon idona, ni ma ba na kallon nata.

Bayan Hajji muka koma Shisha. Ba mu yi mako ba, ina wucewa ta gaban bencin nan, dattijon Maraɗi ya gane ni. Muka gaisa, ya tambaye ni ina telan nan mai ban dariya. Na ce Allah ya yi masa rasuwa. Ya yi salati, ya daɗe yana addu'a. Sannan ya nuna ƙarshen bencin da sandarsa ya ce, "Ranar da kuka zo duba gida, ce mana ya yi mu ajiye masa nan, in Allah ya so nan zai zauna. Mun daɗe muna cewa ko ya manta."

Na san kwana ba ya wuce ranarsa. Ko a Shisha muke, ranar nan za ta same shi. Ba mutuwarsa nake ɗora wa kaina ba. Shekara biyun nan nake ɗora wa kaina, da ya yi su a sama shi da taga, alhali yana da wuri a benci. Ya faɗa mini abin da yake so tun a mota, da irin muryarsa da ba ta tashi. Ni ce nake jin tawa kaɗai.

Yanzu in wata ta zo neman shawara a kan unguwa, ba na tambayar ta me ake hangowa daga taga. Cewa nake ta ɗauki wanda ya fi kowa rauni a gidansu, su taka tare da rana tsaka, su je kuma su dawo.

Yau ni ma da sanda nake tafiya, Harami sai an sa ni a mota. A ɗan masallacin layinmu nake salla, a sahun mata, kafaɗata a jikin ta wata. Na taɓa auna nisansa da carbi, daga ƙofarmu zuwa ƙofarsa, da wannan tafiyar tawa ta tsufa. Ban kai ƙarshen zagaye ɗaya ba na isa. Tun daga ranar ban sake aunawa ba.