Cikin Gidan da Bai Amsa Sallama Ba

Wata Alhamis ce da damina, ranar kasuwar Maigatari, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, na tsaya a bakin zauren gidanmu a Gumel da farantin dafaffiyar gyaɗa a kaina, ina kallon maza biyu suna yanke hukunci a kan abin da ba nasu kaɗai ba. Ɗaya yayana ne, Yaya Habu. Ɗayan wani mai gyara ne daga Gagarawa Tasha, kowa Injiniya yake ce masa, ya zo da jakar faya-fayai a rataye yana taku kamar likita.

Kwamfutar ta Yaya ce, ta gwanjo, daga Maigatari ya sayo ta ya kafa a zaure yana buga wa mutane katin biki da na suna. Shi aka sa a boko. Ni allo kawai na yi, sauran yinina kuwa surfe ne da ɗiban ruwa da yankan ciyawar awaki da talla, in na sami sarari in zauna carafke a gindin darbejiya. Amma ina da rabona a cikin injin nan. Kafin Innarmu ta rasu, Yaya ya taɓa jan wayar abin ɗaukar magana har tsakar gida ya naɗi muryarta tana niƙa. Tana waƙa dutse na amsa mata, sai ta katse ta ce, "Kai Habu, kawar min da abin nan daga baki," ta yi dariya, ta ƙwala min kira in miƙo mata rariya. Ba mu da hotonta ko ɗaya. Muryar nan ita ce abin da ya rage mana.

Faifan ajiyar da ke cikin kwamfutar an raba shi gida biyu, kuma Yaya da bakinsa ya fassara min. "C zaure ne, nan ake aiki. D cikin gida ne, nan ake ajiya." Ban san harafin boko ko ɗaya ba, amma D na gane shi sarai, rabin ƙwarya ne a tsaye. Duk safiyar da aka kawo wuta sai in gama shara da wuri, in je in tsaya masa a kai har ya gaji ya buɗe min cikin gida, in ji Inna ta kira sunana, sannan in ɗauki faranti.

Da injin ya fara nauyi, Injiniya ya ce windon da ke kansa, wato manhajar da ke tafiyar da shi, ta fi ƙarfinsa, an ɗora wa jaki kayan raƙumi. Ya sauke ta ya ɗora wata tsohuwa mara nauyi. Kwamfuta ta tashi garau, C ya fito, D kuwa ko sama ko ƙasa. Ya sa wani faifai, fuskar injin ta koma baƙa da farin rubutu, ya daɗe yana ƙura mata ido yana sakace. Can ya ce, "Ga wani fili nan, amma na yi sallama ba a amsa ba. Kango ne. A rushe katangar a haɗe shi da zaure, ka ma sami wuri."

Na ce, "Inna na ciki."

Injiniya ya juyo ya dube ni daga faranti har silifas. "Hajiya mai gyaɗa, ashe ke ma injiniya ce?" Na dubi Yaya, don shi ya san ba ƙarya nake ba. Katunan wani biki ne a gabansa, masu shi na jira, hankalinsa na can. Ya ce, "Tarkacen ya riga ya tafi. Wuce, gyaɗarki na hucewa." Tarkace. Ban wuce ba. Ina tsaye injin ya yi ta jefo musu rubutu, Injiniya na danna maɓalli ɗaya yana ƙarawa. Daga baya na gane tambayarsu yake ko sun tabbata. Ƙarfe ma ya yi jinkiri, ɗan da Inna ta haifa bai yi ba.

Sai da na haifi 'ya'ya uku na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina zaune da goyo ina koyon abin da yara ke rerawa. Da aka kai mu ga kwamfuta, tambayata ta farko ga malamarmu ita ce wannan. Ta ce ba abin da ya ɓace a ranar. Windon da aka sauke ce ta shirya D da irin nata tsarin, tsohuwar da aka ɗora kuwa ba ta san shi ba, shi ya sa ba ta gan shi ba. Da sun mayar da ta farkon, ko sun haɗa faifan da wata kwamfutar, da ya buɗe lafiya lau. Da hannunsu suka share.

Ranar a ƙasa na koma gida ina huci. Wane yaro ne a Gumel bai san cewa in baƙon namiji ya yi sallama a zaure matan gida ba sa amsa masa daga ciki ba? Shiru ba ya nufin ba kowa. Yaro ake aikowa ya zo ya ce suna nan. To an aiko, ni ce, na fito na faɗa, suka kore ni don ban iya karanta baƙin allonsu ba. Na tari Yaya da maganar, yanzu da furfurarsa, ya ce ƙaddara ce, in yi haƙuri. Mutuwar Inna ƙaddara ce, na karɓa tun ina yarinya. Yatsan da ya danna maɓallin nan kuwa na san mai shi, na kuma san wanda ya ba shi izini.

Yau kowa da waya a hannu, 'ya'yana har atishawar jariri naɗa suke su tura wa dangi a Sule Tankarkar. Autata mai sunan Inna ta tambaye ni kwanaki yadda muryar kakarta take, siririya ce ko mai kauri. Na buɗe baki zan kwaikwaya mata, tawa ce ta fito. Kalmomin suna nan a kaina, muryar ce na nema na rasa.