Naman da Na Binne a Bayan Ɗakina

Shekara talatin ina wankan gawar mata a zangon Sokode, kuma abin da na taras ana yi shi na riƙe: duk abin da ya rabu da jikin ɗan Adam, ko farce ne, ƙasa ake ba.

Autata kuwa boko ya ɗauke ta, daga Lome har Turai. Ta dawo zamanin sojoji tana bin tsutsar da ke makantar da mutanen bakin kogi. Ta ce a jikin kowace tsutsa akwai rubutun da ido ba ya gani, in an karanta shi sai a bambance mai cin ido da mai tsayawa a fata. Na ce Allah ya ba da sa'a.

Ran nan da hantsi ta sauka daga motar Dapaong da akwatin sanyi. Wata huɗu ta yi a can. Ta ajiye shi a ɗakina, ta ce, "Inna, kar kowa ya taɓa. Jibi jirgi zai tafi da shi." Ta fita neman ƙanƙara.

Can sai ruwa ya fara bin tabarma. Na ɗaga murfin in ga inda yake yoyo. Kwalabe ne ƙanana, kowace da takarda a manne, kowace da ƙullutun nama a ciki. Mai aiki irin nawa ba ta kasa gane naman mutum. Na zauna, na tashi, na sake zama. Daga ƙarshe na juye su duka a ƙyallen likkafani, na haƙa rami bayan ɗaki, na yi addu'a, na rufe. Kwalaben na wanke su tas, na kife a rana.

Su ta fara gani da ta shigo. Buhun ƙanƙara na ɗiga a ƙafarta, ba ta sauke ba.

"Inna, ina abin ciki?"

"Yana inda ya kamata."

Da hannu ta tone ramin. Ta warware ƙyallen, ta daɗe tana kallo. Ba ta ɗaga murya ba, ni kuwa da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Wanne ne na makaho, Inna? Wanne ne na mai gani? Daga wane ƙauye? Takardun da kika wanke su ne ke faɗa."

Ta ce tsutsar a cikin ƙullutun take zama, shi ya sa likita ke cirewa. Ta ce izinin aikin da sojoji suka buga wa hatimi saura kwana goma ya ƙare, in ta koma ba komai a hannu, wani za a ba aikin.

Na ce, "Da yardarsu aka yanka?"

"Wata huɗu ina roƙo."

"To mayar da wannan, ki rufe. Gobe mu tafi."

Shingen sojoji biyar muka wuce a hanya, kowanne sai an buɗe akwatin an ga wayam. Haka muka isa Dapaong.

A zauren wani dillalin shanu aka tara mutane. Na tsaya na faɗi abin da na yi, ban rage ba. Wani mahauci ya ce, "Ashe an yi mana jana'iza a Sokode, Iya, ba a ko aiko mana ba." Biyu suka yi dariya. Sauran ba su yi ba, don su sun riga sun ba da nasu, yanzu na matansu da 'ya'yansu muke roƙo.

Wani tsoho makaho ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"A farin ƙyalle kika sa?"

"A fari."

"Ramin da zurfi? Kare ba zai kai ba?"

"Har gwiwar hannu."

Ya daɗe yana jujjuya sandarsa. Sannan ya ce wa Auta, "Ke, yarinya, mun tambaye ki inda naman zai ƙare, kika ce Turai. Zan kawo 'ya'yana uku. Ki ɗebi tsutsarki ki karanta. Abin da ya saura, hannun tsohuwar nan za ki ba."

Auta ta ce ta yarda.

Da farko ashirin da uku ta tara. Wannan karon mutum tara suka zo, ranar da izinin ke cika aka yanka na ƙarshe. Ta ce tara ba su isa yadda take so ba, amma za a fara da su. Ita ta manna takardun, ni na riƙe mata kwalaben.