Kalma Uku a Bayan Kwalin Ashana

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da na kai mutum goma sha bakwai noma gonar wanda ba mu sani ba. Laifina ne ni kaɗai, kuma na daɗe ban yarda ba.

A lokacin ni ne magatakardan ƙungiyarmu ta samari a Zuru. An zaɓe ni ne don na gama sakandare, ba don na iya aikin ba. Wani amininmu yana golmo, wato noman da saurayi ke yi wa mahaifin budurwarsa kafin a ba shi ita, kuma a wannan daminar zai kammala. Surukin ya yi sabuwar gona wajen Mahuta, ya sa mana Asabar. Aminin nawa zai wuce tun Juma'a ya kwana can, don haka ya zaunar da ni ya kwatanta mini hanya tiryan-tiryan. Ya roƙe ni in ɗauko littafi, na ce masa kaina ya fi littafi. Da ya matsa, na tsinci kwalin ashana na rubuta: ɗorawa, rafi, gona. Ban sa hagu ko dama ba, ban sa sunan ƙauyen ba, balle na surukin.

Ranar Asabar muka tashi a babura shida, uku-uku, da garemani a kafaɗa. Sai a hanya na lura cewa ƙasarmu kaf ɗorawa ce da rafi. Na gwada waya, babu sabis. Da na ce mu tsaya mu yi tambaya, da an huta, amma girman kai ya hana ni. Na hango gonar dawa da ciyawa ta cinye, na nuna ta kamar ta gadona.

Muka duƙa aiki da waƙa. Da hantsi wani dattijo ya zo, ya dube mu, ya dubi gonar, ya nemi inuwa ya zauna. Na ce wa jama'a surukin ke nan, kowa ya nuna bajinta. Har da masu yin kunya biyu-biyu. Wanda ya tambaye ni ina ango, na ce ya tafi ɗauko abinci.

Sai da muka kai kunyar ƙarshe dattijon ya taso, ya sa mana albarka, sannan ya ce, "'Ya'yana, wace 'yar tawa kuke nema? Ni dai bakwai Allah ya ba ni, duk maza."

Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa tun da safe?"

Ya ce, "To, na ga kun yi nisa."

Ruwa kaɗai muka sha a wurinsa. Shi ya nuna mana ainihin gonar, tana hayin rafin. Muka tarar da aminina shi kaɗai yana noma, idonsa jawur, tuwon mutum ashirin ya huce a inuwa. Surukin ya riga ya ce saurayin da bai iya tara abokai ba, bai isa riƙe gida ba.

Na durƙusa a gaban surukin, na ba da labari duka, ban rage komai ba. Ya yi dariya har da tari. Ya ce a dawo wata Asabar, amma ni in zo tun Laraba in fara. Kwana uku na yi ina noma ni kaɗai, hannuna ya yi kanta. An yi bikin bayan girbi, kuma ba a ba ni aikin raka amarya ba.

Tun daga nan, in an ba ni saƙo, nakan rubuta shi yadda wanda ba ya wurin zai karanta ya gane: suna, wuri, rana, hagu ko dama. Sannan in karanta wa mai saƙon ya ji da kunnensa kafin ya tashi. Rubutun da sai ka tuna kafin ka fahimce shi, ba ka rubuta komai ba.