Ƙulli Uku a Shuɗin Zare

Baba Mai Nutso muke ce masa, kuma tun kafin a ɗauke ni aiki a ɗakin gwajin nan shi ke kawo mana soson teku. Da ƙuruciyarsa ya fara shiga ruwa, yana kwance wa masunta ragarsu in ta maƙale a dutse. Ruwa ya kashe masa kunnen hagu, don haka mai yi masa magana sai ya zagayo ta dama. In bai ga damar jin ka ba, hagun yake juyo maka.

Aikinmu shi ne mu jiƙa soson, mu tace, mu ɗiga a farantin gilashi da muka rena ƙwayoyin cuta a kai, irin waɗanda magungunan asibiti suka daina yi wa komai. In wuri ya washe kewaye da ɗigon, to soson na ɗauke da abin da ke kashe su. Cikin ɗari da kyar a dace da ɗaya.

Baba bai iya rubutu ba. Duk soson da ya yanko sai ya soke shi da zare: launi na nuna wurin, yawan ƙulli na nuna zurfin, kowane ƙulli gaba uku. Ni kuwa, da digirina da ɗagawata, ƙazanta na ɗauki abin. Yakan faɗa mini wurin, in rubuta a jikin kwalba, in cire zaren in jefar.

"Baba, wai kai tela ne ko mai nutso?"

"'Yata, rubutunki yana tsoron jiƙa. Zarena babu ruwansa."

Wata rana tsohon ƙarfe ya yanke shi a ƙafa. Ciwon ya ƙi warkewa, ya ruɓe, aka kwantar da shi. Sau huɗu likitoci suna canza masa magani. Yana kwance a asibitin ne wani faranti ya washe fiye da duk wanda na taɓa gani. Na ruga na ɗauko kwalbar da aka ɗebi soson, sai na tarar sinadarin da muke jiƙa shi a ciki ya tsiyayo ta murfi ya wanke rubutun tas. Ragowar soson ba ta kai ɗan yatsa ba, kuma in ba a samo wani ba, maganar ta mutu ke nan. Ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba. Sai na hango zare a gindin kwalbar, wanda ƙiwa ta hana ni cirewa.

A asibiti na sami matarsa tana yi masa fifita. Ya rame ƙwarai. Na zagaya ta dama, na sa masa zaren a hannu, ya duba launin, ya bi ƙullin da yatsa.

"Shuɗi, uku. Bayan tsohuwar matsayar jirage ne, inda ginshiƙi ya karye. Gaba tara a ƙasa, ta gefen da rana ba ta bugawa." Ya ɗan murmusa. "Ashe tela ya yi rana."

Kunya ta hana ni ɗaga kai. Matarsa ta ajiye mafici ta ce, "Malama, wannan abin zai warkar da shi?"

Na so in yi mata ƙarya, wallahi na so. Na ce, "Inna, ko da zai zama magani, sai an shekara goma ko fiye ana gwaji. Mai yiwuwa ma ba zai zama ba."

Baba ya ce, "To ba nawa ba ne. Amma ki gaya wa wanda zai sauka ya yanki rabi, ya bar rabi ya tsiro. Masu irin ƙafata suna nan tafe."

Kwana tara bayan haka Allah ya yi masa rasuwa. Da na je gaisuwa, matarsa ta miƙo mini gwangwanin zarensa, ta zaunar da ni ta koya mini ƙullin.

Mun je wurin da wani mai nutso. Ya sauka gaba tara, ya fito da rabin soso ya miƙo mini. Alƙalami na aljihuna, amma sai da na soke shi da shuɗin zare tukuna. A ƙulli na uku hawaye suka rufe mini ido, da yatsa na ƙarasa shi.