Mu Haɗu a Ha-ha

Clifford Yapp direban bas ne tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai, kuma babban abin alfaharinsa shi ne bai taɓa tambayar kowa hanya ba. Marigayiya matarsa ta yi mita har ta haƙura. Da ya yi ritaya sai ya shiga ƙungiyar masu son furanni ta ƙauyensu. Shi dai bai san wardi daga kabeji ba. Son Beryl ne ya kai shi, wata mai gasa burodi da mijinta ya rasu.

Ranar Lahadin da masu wani tsohon gidan gona suka buɗe wa jama'a lambun kakanninsu, ƙungiya ta cika mota. Clifford ya jefa zoben neman aure a aljihu, ya ce yau ko ta halin ƙaƙa sai ya furta.

Suna sauka Beryl ta ce, "Bari in leƙa wardi. Mu haɗu a ha-ha kafin mota ta tashi."

"A ina?"

"Ha-ha mana!" Ta yi gaba.

To, ina ne kuma nan? Ya bi duk inda ya ji dariya. Ya je teburin shayi, ya tarar da tsofaffi suna wasoson kek, babu Beryl. Ya shiga tsakanin shingayen itace, ya fito inda ya shiga. Da ya ga mutane sun fara nufar mota, ya haɗiye girman kai, ya tsaya kan wata tsohuwa mai cire ciyawa.

"Baiwar Allah, don Allah ina ne... ha-ha?"

"Ga shi kana kallo, Malam."

Ya duba. Fili ne shimfiɗe, sai tumaki can nesa. Au, har da ita a yi masa tsiya? Sai ga hular Beryl a kan ciyawa, tana motsi, babu mutum a ƙarƙashinta. Ya zabura da gudu. Ƙasa ta ƙare masa, tim!

Ashe rami ne mai katangar dutse, wanda aka haƙa don tare tumaki ba tare da an tare wa masu gida kallo ba. Beryl na tsaye a ciki, ta fake wa iska.

"Kai, Clifford! Ga matakala can fa."

Yana durƙushe cikin taɓo ya laluba aljihu, ya miƙa mata zoben.

"Tashi tukuna, tsoho."

"Gwiwar ta ƙi."

Ta karɓa, ta goge shi da gefen riga, ta gwada. Ya zauna daram.

"To, na amince. Kawo hannu, kada su tafi su bar mu da tumaki."